Digirin MBA da Ɗan Kasuwar Zango: Abin da Aji ke Ƙara wa Mai Gogewa

A 'yan shekarun nan, ganin ɗan unguwar Nima ko Maamobi a Accra mai digirin farko, wanda kuma ya shafe shekara goma ko fiye a bakin aiki a banki, ko a kamfanin sadarwa, ko a shagon mahaifinsa da ke kewayen Kasuwar Makola, ya daina zama abin mamaki, kuma daga cikin irin waɗannan mutane ne ake samun masu tunanin komawa aji domin neman digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, wanda aka fi sani da gajeren sunansa, MBA. Iyayensu da iyayen gidansu sukan yi musu wata tambaya mai nauyi wadda ta cancanci a amsa ta da natsuwa: mutumin da ya tashi cikin ciniki, ya san sari, ya san kiri, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa, me malamin jami'a zai koya masa da kasuwa ba ta riga ta koya masa ba? Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce aji ba ya koya wa irin wannan mutum ciniki, amma yana iya koya masa yadda zai fitar da cinikin da ke cikin kansa ya mayar da shi tsari a rubuce, wanda banki zai iya karantawa, hukumar haraji ta yarda da shi, magada kuma su tarar da shi a tsaye bayan ran mai shi.

Asalin wannan karatu daga Amurka yake. Jami'ar Harvard ta buɗe makarantarta ta kasuwanci a 1908, a zamanin da kamfanonin jirgin ƙasa da na ƙarfe da na mai suka yi girman da babu mutum guda da zai iya riƙe lissafinsu a ka, har ya zama dole a raba tsakanin mai dukiya da wanda aka ɗauka domin ya juya ta, wato manaja. Daga shekarun 1920 makarantar ta shahara da wata hanyar koyarwa da har yau ake tinƙaho da ita a wannan fanni, wato a rubuta labarin wani kamfani na gaske da matsalar da ta taso masa, haɗe da alƙaluman cinikinsa, a ba ɗalibai su karanta, sannan a zauna a aji a yi muhawara a kan matakin da ya kamata shugaban kamfanin ya ɗauka, malami yana jan akalar zancen ba tare da ya yi saurin yanke hukunci ba. A 1943 Jami'ar Chicago ta ɓullo da wani reshe na digirin saboda mutanen da suka riga suka manyanta a wurin aiki, waɗanda ba za su iya ajiye aikinsu shekara biyu su koma ɗalibta ba, shi ne ake kira EMBA, kuma ana yin sa da yamma, ko a ƙarshen mako, ko a 'yan kwanaki a jere kowane wata. Darussan ba su cika bambanta daga wata makaranta zuwa wata ba, domin ko'ina za a tarar da lissafin shiga da fita irin na akanta, da sarrafa kuɗi da neman jari, da nazarin masu saye da tallata haja, da tafiyar da ma'aikata, da tsarin samo kaya da jigilarsu da ajiyarsu, da dokar kasuwanci, da kuma tsara inda kamfani zai dosa a shekaru masu zuwa.

Ghana ta daɗe a wannan fage. Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta samo asali daga kwalejin koyon mulki da aka kafa a Achimota a 1960, wadda ta shiga ƙarƙashin jami'ar a 1962, ta kuma ɗauki sunanta na yanzu a 2004. Cibiyar GIMPA da ke Greenhill an kafa ta a 1961 domin horar da manyan ma'aikatan sabuwar ƙasa kafin ta faɗaɗa zuwa harkar kasuwanci. Jami'ar UPSA ta faro a 1965 a matsayin makaranta mai zaman kanta ta koyon aikin akanta da makamantansa. Sannan makarantar CEIBS, wadda haɗin gwiwa ce tsakanin ƙasar Sin da Tarayyar Turai, ta buɗe reshenta na Afirka a Accra a 2008. Dukkansu suna gari ɗaya da Nima, in ban da cunkoson motocin yamma ma da babu wanda zai kira zuwa can tafiya. Abin da suke nema ga mai son shiga galibi shi ne digirin farko, ko takardar ƙwarewa da ke daidai da shi, tare da shekarun aiki, kamar biyu ko uku ga MBA na yau da kullum, biyar ko fiye ga na manya, kuma karatun yakan ci kimanin shekara biyu. Dalilin sharaɗin shekarun aiki shi ne, rabin abin da ake koya a irin wannan aji daga bakin abokan karatu yake fitowa, don haka wanda bai taɓa korar ma'aikaci ko bin bashin da ya ƙi fita ba, zai zauna ne kawai ya saurara ba tare da ya kawo wa sauran komai ba.

Sai dai tun kafin a aza tubalin ko ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, mutanen zango suna da tasu makarantar, kuma rashin adalci ne a yi maganar ilimin kasuwanci a Accra a tsallake ta. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda Salaga ta zama babbar mahaɗarsa har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa garin, yana da tsarinsa na mulki da rabon aiki. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya, da jagaba mai duba hanya da masauki, da uban dawaki mai tattara kuɗin fito, da malamin da ke riƙe rubutu. A zango kuma akwai maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, a biya shi da la'ada da kuma dawowar baƙon baɗi. Yaro yakan shiga wannan makaranta da ɗaukar kaya da tsaron rumfa, ya kai matsayin da za a aike shi da kuɗi, sannan bayan shekaru a sallame shi da jari. Da wannan ilimi aka raya Zongo Lane da ke gab da Makola, da Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, da Nima da ta taso a hannun Malam Amadu Futa a farkon shekarun 1930, ita kuwa Kasuwar Makola an gina ta a 1924. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, ya zauna a Accra a ƙuruciyarsa, inda mahaifiyarsa take, kuma yana cikin waɗanda suka fara gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas ya fi a bi da shi ta ƙasa wata da watanni. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da malaman MBA ke kira sauya hanyar jigila domin rage tsada da lokaci.

Makarantar zaure ma ta ba da nata kason. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya san sharuɗɗan saye da sayarwa, ya san ƙiradi, wato yarjejeniyar da wani ke ba da jari wani ya ba da ƙarfi a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, ya kuma san hukuncin zakkar ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, wanda a mazhabar Malikiyya yake ware wata guda a shekara ya yi wa hajarsa ƙima, ya haɗa da tsabar kuɗin da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, sannan ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Wannan lissafi da wanda akanta ke kira takardar dukiya da bashi, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Bambancin kawai shi ne mai zakka yana yin nasa sau ɗaya a shekara domin sauke farali, shi kuwa ɗalibin MBA ana horar da shi ya yi shi kowane wata, ya kwatanta na yau da na jiya, ya kuma tambayi alƙaluman dalilin da ya sa suka sauya.

To, idan tsohon tsari yana da wannan ƙarfi, me ya kawo bukatar ƙari? Babban dalili shi ne kuɗin da ake cinikin da shi ya daina tsayawa wuri ɗaya. A 2007 Ghana ta sauya kuɗinta inda tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, a 2022 kuma darajar sidi ta zube a gaban dala, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba na shekarar, gwamnati ta sauya sharuɗɗan bashin da 'yan ƙasa ke bin ta, ta kuma samu amincewar rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023. A irin wannan yanayi mutum yana iya yin asara alhali littafinsa na nuna masa riba. A ɗauka, alal misali, wata Hajiya mai rumfar atamfa ta saro turmi 100 a kan sidi 100 kowanne, ta sayar a kan 130, ta ƙirga sidi 13,000 a jakarta, ta yi hamdala a kan ribar 3,000. Ranar da ta koma wurin sari sai ta tarar turmi ya koma 140, kuɗin da ke hannunta gaba ɗaya, uwa da riba, turmi 92 kawai za su saya, tun ma kafin ta cire kuɗin rumfa da na 'yan dako da na cefane. Idan aka yi haka sau huɗu ko biyar, kanta za ta soma yin fili, a riƙa jera turamen a warwatse domin a rufe gurbin waɗanda babu, mai rumfar kuma ta ce kasuwa ce ta lalace. Gogaggun 'yan kasuwa da yawa sun gano wannan da kansu bayan sun sha wuya, suka koma sa farashi bisa abin da za su sake sarowa. Abin da aji ke yi shi ne ya ba mutum wannan ƙa'ida tun kafin wuyar, ya kuma nuna masa yadda zai auna ta a kan kaya iri ɗari a lokaci guda.

Haka nan batun kwanakin da kuɗi ke yi a waje kafin su dawo hannu, wanda shi ne darasin da ya fi kowanne amfani ga mai shigo da kaya. A ce ɗan kasuwa ya biya masana'anta a ƙasar Sin, kwantenarsa ta yi wata biyu tsakanin teku da tashar Tema, kayan suka yi wata guda a sito, ya raba wa 'yan kiri bashi suka yi wata guda kafin su biya: jarinsa sau uku kacal yake juyawa a shekara, alhali mai sayar da wake da shinkafa a bakin titin Nima tana juya nata kullum, shi ya sa ribarta ƙanƙanuwa take riƙe gida. Idan ya rage wata ɗaya daga cikin huɗun nan, ta hanyar gyara takardun kwastan tun kaya na kan ruwa ko rage wa'adin bashi, jarin zai juya sau huɗu ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Lissafin ba shi da wuya, amma ba ya yiwuwa sai da rubutu mai kwanan wata, kuma a nan ne shagunan zango da dama suke da rauni. Littafin bashi yakan kasance ɗan littafin makaranta da ya sha maiƙo, an rubuta sunaye da laƙabi, wani da boko wani da ajami, an soke wasu da biro ba tare da an nuna ranar biya ba. Makullan sito suna aljihun Alhaji, lambar sirrin asusun waya tana kansa, kuɗin makarantar yara da gudummawar biki da na jana'iza duk daga aljihun teburin shago suke fita ba tare da an rubuta ba. Babu laifi a taimakon dangi, hasali ma da shi zango ya rayu, amma wajibi ne a san nawa ya ci, kuma hanyar sanin ita ce mai shago ya yanka wa kansa albashi ya riƙa yin alherinsa daga ciki.

Dalili na biyu shi ne duniyar da ke kewaye da kasuwar ta koma ta takarda. Tsakanin 2017 da 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin bankuna 9, a watan Mayun 2019 kuma ya soke na ƙananan kamfanonin ba da rance 347, kuɗin 'yan kasuwa da na masu adashi da yawa suka maƙale, kuma wanda ya iya karanta rahoton shekara na inda yake ajiya ya fi wanda ya dogara da yawan ruwan da aka yi masa alkawari damar tsira. Kuɗin waya, wanda MTN ta fara a ƙasar a 2009, ya sa kowane ciniki yana barin sawu. Harajin da aka ɗora masa a 2022 aka kuma soke a 2025 ya nuna yadda shawarar da aka yanke a majalisa ke shiga aljihun mai rumfa kai tsaye. Sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka soma ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, a Accra take, amma rangwamen da ta tanada na wanda ya iya cike takardar shaidar asalin kaya ne, jikokin fataken da suka ƙetare iyakokin nan tun kafin a shata su kuwa, in ba su iya ba, sai su tsaya kallo. Makola ta taɓa ɗanɗana kuɗar rashin masu yi mata magana da harshen hukuma: a watan Agustan 1979 gwamnatin soja ta rushe kasuwar bisa zargin cewa matan da ke cikinta ne ke ɓoye kaya suna tsauwala farashi, aka mayar da filin wurin ajiye motoci, alhali ƙarancin kayan ya samo asali ne daga ƙayyade farashi da rashin kuɗin waje, kuma rushewar ba ta kawo sauƙin komai ba. Kasuwa tana bukatar 'ya'yanta da za su iya zama da jami'in gwamnati su baje masa alƙaluma.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran ciwo, shi ne gado. Kowa a zango ya san gidan da aka yi tashen arzikinsa, maigidan ya rasu, aka raba shaguna da motoci da sito, kafin shekara biyar babu ko ɗaya da ke tsaye, ba domin magadan ba su da kirki ba, sai domin dukiyar da ke aiki a dunƙule ba ta aiki a gutsure, kuma amanar da 'yan sari suka ba mamacin ba a rubuta ta da sunan kowa ba. Dokar kamfanoni ta Ghana ta 2019 ta ba ko mutum ɗaya damar yi wa kasuwancinsa rajista a matsayin kamfani mai hannun jari, wato a kasa mallakarsa kashi-kashi a takarda, ta yadda ranar rabon gado hannayen jarin za a raba bisa ƙa'idar shari'a, kowa ya san rabonsa na riba, shagon kuma ya ci gaba da buɗewa a hannun wanda ya fi iyawa. Akwai kuma dokar gado ta 1985, wadda ke hawa kan dukiyar duk wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba ko da Musulmi ne, abin da ke nufin mai son a bi rabon Musulunci ba tare da jayayya a kotu ba sai ya tanadi takarda tun yana da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsara wanda zai gaji shugabanci, da raba kujerar mai dukiya da ta manaja, darussa ne da ake koyarwa a fili a wannan karatu, kuma ko su kaɗai mutum ya ɗauko ya kawo gida, kuɗinsa ba su faɗi a banza ba.

Duk da haka, bai kamata a ɗauki ilimin manajoji a matsayin maganin kowace cuta ba, kuma hujja a kan haka daga Accra ɗin ta fito. Masana tattalin arziki uku, Dean Karlan da Ryan Knight da Christopher Udry, sun yi gwaji da teloli 160 a birnin, inda aka haɗa wasu da ƙwararrun masu ba kamfanoni shawara, aka ba wasu tsabar kuɗi, aka bar wasu yadda suke domin kwatance. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna telolin sun soma bin shawarar, har da rubuta shiga da fita, amma ribarsu ba ta ƙaru ba, daga bisani kuma suka koma yadda suka saba. A wani gwajin da Nicholas Bloom da abokan aikinsa suka yi a masaƙun Indiya masu ɗaruruwan ma'aikata, wanda aka wallafa a 2013, irin wannan shawara ta ɗaga ingancin aikin masaƙun da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Abin da za a fahimta daga haɗa biyun shi ne tsarin rubutu da rabon aiki yana biyan wahalarsa ne idan harka ta fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Mai keken ɗinki biyu da yaro ɗaya yana ganin komai daga inda yake zaune, amma mai sito uku da yara ashirin da motoci a hanyar Kumasi da Tamale ba ya gani, kuma shi ne wannan karatu zai yi wa rana.

Henry Mintzberg, malami a Jami'ar McGill ta Kanada, ya wallafa littafi a 2004 yana sukar makarantun da ke ɗaukar matasa marasa gogewa su ba su MBA su sake su a matsayin shugabanni, yana mai cewa shugabancin aiki sana'a ce da ake koya a bakin aiki, aji kuma amfaninsa shi ne ya ba wanda ya riga ya iya damar tsayawa ya yi nazarin abin da yake yi. Wannan ra'ayi ya yi daidai da hankalin kasuwa, inda ba a miƙa wa yaro makulli sai an ga kamun ludayinsa. Misalin da ya fi fitowa fili a Ghana shi ne Patrick Awuah, wanda ya bar aiki a Microsoft bayan shekaru, ya shiga MBA a jami'ar Berkeley da niyya guda, wato kafa jami'a a gida, ya yi amfani da karatun da abokan ajinsa wajen binciken yiwuwar abin, sannan ya buɗe Jami'ar Ashesi a 2002 da ɗalibai 30 a wani gidan haya a Accra. Ya shiga aji da tambaya a hannu, kuma wannan shi ne bambancin wanda karatun ke amfana da wanda ke fitowa da takarda kawai.

Akwai kuma wani gibi da ya kamata a faɗe shi ƙarara: mafi yawan masu gogewar gaske a Makola da Tudu da Kasuwar Nima ba za su iya shiga wannan aji ba, domin ba su da digirin farko. Tarihi ne ya jawo haka, saboda makarantun boko na farko a ƙasar na mishan ne, iyaye a zango suka ƙi kai 'ya'yansu domin tsoron a raba su da addininsu, kuma sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa domin haɗa karatun makarantar allo da na boko. Karatun sakandare kyauta da aka soma a 2017, da Asusun Raya Zango da aka yi dokarsa a shekarar, za su sauya lissafin nan gaba, amma ba za su mayar da Hajiya mai shekara hamsin aji ɗaya ba. Irinta, da sarauniyoyin kasuwa da ke shugabantar masu tumatir da doya da atamfa, suna sasanta rigima suna tsara shigowar kaya, gajerun kwasa-kwasai ne suka dace da su, irin waɗanda ba a neman digiri kafin a shiga, kuma zai fi kyau a riƙa yin su da Hausa da Ga da Twi, a kusa da kasuwa, a lokacin da ciniki ya lafa. Wanda kuma ya haura shekara 25 yana da ƙofar shiga jami'a ta jarrabawar manyan ɗalibai, hanya ce mai tsawo amma a buɗe take.

Su ma makarantun akwai gyara a gabansu. Yawancin labaran kamfanonin da ake nazari a aji daga Amurka da Turai aka ɗauko su, alhali a bayan katangarsu akwai darussan da ba a rubuta ba. Cinikin albasa kaɗai ya isa a yi zangon karatu guda a kansa: kaya mai saurin ruɓewa da ke tasowa daga Nijar ya ƙetare iyakoki a kan amana, aka tashi kasuwarsa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a watan Yulin 2021, sannan juyin mulkin Nijar na 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya suka tsayar da motoci a hanya. Gobarar da ta cinye kasuwar Kantamanto a Janairun 2025 darasi ce a kan inshora da haɗarin tara dukiya a wuri guda. Waɗanda suka yi rubutu mai zurfi a kan waɗannan kasuwanni, irin su Polly Hill a kan masu gida da dillalan shanu na Kumasi, da Claire Robertson a kan matan Accra, da Gracia Clark a kan babbar kasuwar Kumasi, masana tarihi ne da zamantakewa da tattalin arziki, aikinsu kuma yana jiran wanda zai mayar da shi darasin aji. Haka kuma darasin sarrafa kuɗi gaba ɗayansa a kan kuɗin ruwa aka gina shi, ɗalibi Musulmi kuma yana bukatar ya fahimce shi sarai domin da shi ake auna komai a banki, amma yana da haƙƙin a koya masa hanyoyin jari marasa ruwa, waɗanda bankin Jaiz ke aiki da su a Najeriya tun 2012, Jami'ar Bayero ta Kano kuma take da cibiya ta musamman domin koyar da su.

Mai niyyar shiga ya kamata ya yi wa karatun irin lissafin da zai yi wa kwantena. Kuɗin makaranta dubban sidi ne masu yawa, waɗanda da an zuba su a shago da sun yi nasu aikin, ga kuma shekara biyu na rufe ofis ko rumfa a yi sallar magariba a gurguje a kama hanyar Legon, a dawo bayan isha'i a tarar da aikin rukuni yana jira a waya, Asabar ta tafi, zumunci ya ragu, azumi kuma ya riski mutum a tsakiyar jarrabawa. Ga mace mai aure nauyin ninki biyu ne, sai da goyon bayan miji da dangi. Ya tabbatar hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa, musamman waɗanda ake tallatawa ta intanet da sunan jami'o'in waje, ya tambayi su wane ne za su zama abokan ajinsa, domin zama da ma'aikacin banki da injiniya da jami'in asibiti na tsawon shekara biyu yana buɗe wa ɗan zango ƙofofin da dangi da masallaci kaɗai ba su kai gare su ba. Sannan ya shiga da matsala takamaimai daga wurin aikinsa, ya kuma yi aikin bincikensa na ƙarshe a kanta.

Sauran aikin yana wuyan iyayen gida. Ɗa ko 'yar da aka biya wa wannan karatu, aka kuma hana su ganin littafin bashi da takardun sito, an yi asarar kuɗin, domin dole su kai iliminsu kamfanin wani. Alhazai da Hajiyoyin Nima da Maamobi da Sabon Zango su buɗe wa 'ya'yansu littattafan tun suna da ƙarfin zama su yi musu bayanin kowane suna da ke ciki, sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su gayyaci malaman Legon da GIMPA da UPSA su shigo kasuwa su rubuta yadda ake cinikin goro da albasa da shanu da atamfa, tun dattawan da suka san shi suna raye.